Katanec: shi ya yi ginin, wasu suka tare

Ranar 5 ga Yunin 2025 da alƙalin wasa ya hura tashi a Abu Dhabi, Uzbekistan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa babu wanda ya ci wani, maki ɗaya tilo da Uzbekistan ta samu a daren ya ishe ta zuwa gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihinta, kuma ita ce ƙasa ta farko daga yankin tsakiyar Asiya da ta taɓa yin hakan. An yi murna, an ɗaga koci Timur Kapadze, kuma ya cancanta, ba ni da ja a kan haka. Amma ni abin da ya tsaya min a rai tun daga ranar har yau shi ne mutumin da baya kan bencin, wani dogon Bature ɗan Sulobeniya mai suna Srecko Katanec, wanda ya shafe sama da shekara uku yana ɗora bulo kan bulo a wannan tawagar sannan rashin lafiya ta sa ya ajiye aikin a watan Janairun 2025, saura wasa huɗu kacal a kammala. Ko a majalisar da muke musun ƙwallo in ka ambaci sunansa sai a ce maka waye kuma haka? To wannan shi ya sa na zauna rubuta wannan sharhin, don a ganina mutumin nan ana cin haƙƙinsa, kuma ba a Uzbekistan aka fara ba.

Bari mu fara da lissafi don kar a ce son rai ne. A zagaye na uku na wasannin share fage Uzbekistan ta gama da maki 21 a wasa goma, ta biyu a bayan Iran, a rukunin da ke da Katar da Daular Larabawa da Kirgistan da Koriya ta Arewa. A cikin makin nan 21, guda 13 an tara su ne a wasa shida na farko lokacin Katanec ne kocin ƙasar, an ci huɗu, an yi canjaras da Iran, Katar ce kaɗai ta doke su 3-2. Wato sanda ya miƙa makulli motar tana kan titi ta ɗau hanya, mai ma akwai a tanki. Kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi kenan, duk da dai ba zan kira Kapadze gardi ba tunda shi ma ya sha wahalar yaran a tawagar 'yan ƙasa da shekara 23, shi ya kai su gasar Olamfik ta Faris a 2024, kuma shi ɗin ma bayan ya tsallakar da su sai hukumar ƙwallon ƙasar ta ɗauko Fabio Cannavaro a watan Oktoban 2025 ta ba shi ragamar. Harkar koci ba ta da kara wallahi.

Wanda bai san tarihin Uzbekistan ba ba zai gane nauyin abin ba. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 35 da ke son ƙwallo kamar me, amma kullum sai an zo bakin ƙofa ƙafarsu ta harɗe. A 2005 sun ci Baharain 1-0 a Tashkent, alƙalin wasa ɗan Japan ya yi kuskure a wata fenareti da suka ci ya soke ta ya ba Baharain bugu maimakon a sake bugawa, suka kai ƙara, sai FIFA ta ce a sake wasan gaba ɗaya, aka sake aka yi 1-1, a can Manama 0-0, shikenan suka fita da dokar cin waje, ƙarar da suka kai ita ta ci su. A 2013 bambancin ƙwallo ya hana su tafiya kai tsaye Koriya ta Kudu ta wuce, sannan Jodan ta fitar da su a bugun fenareti 9-8. A na 2022 ko zagayen ƙarshe basu kai ba. A wannan halin Katanec ya same su a watan Agustan 2021, tawaga mai 'yan wasa masu kyau amma zuciya ta riga ta saba da karyewa.

Kuma irin wannan aikin shi ne sana'arsa tun farko. Mutumin Ljubljana ne, babban birnin Sulobeniya, an haife shi a 1963 lokacin ƙasar tana cikin Yugoslabiya. A matsayin ɗan wasa ba ƙaramin mutum ba ne, ɗan tsakiya ne mai tare gida, ya buga wa Olimpija da Dinamo Zagreb da Partizan, ya tafi Stuttgart inda suka kai wasan ƙarshe na kofin UEFA a 1989 Napoli ta Maradona ta doke su, daga nan sai Sampdoria ta Italiya, zamanin Vialli da Mancini da Pagliuca, a ƙarƙashin tsohon koci Vujadin Boskov. Da shi aka ci Serie A a 1991, wanda har yau shi ne kaɗai kulob ɗin ya taɓa ci, da shi aka je wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a Wembley a 1992 inda Koeman ya ci wa Barcelona wannan firikik ɗin da tsofaffin 'yan Barca basa gajiya da ba da labarinsa. Ya samu tagulla da Yugoslabiya a Olamfik na 1984, ya je kofin duniya na 1990. Rauni ya matsa masa ya rataye takalmi yana ɗan shekara 31. Abin lura a nan shi ne ba shi ne tauraron Sampdoria ba, shi ne mai yi wa taurari dako, mai gudu ya ƙwato ƙwallo ya miƙa wa Mancini ya yi ado da ita, kuma ni na yi imani wannan ne ya gina masa tunanin da ya zo da shi koci, cewa tauraro baya haskawa sai akwai mutum goma da suka yarda su yi masa gumi, don haka shi ma tauraron dole ya san darajarsu.

A 1998 aka ba shi tawagar Sulobeniya, shekararsa 35 ma bai gama cikawa ba, ƙwarewar koci kuwa ɗan zama da 'yan ƙasa da 21 da kuma 'yan watanni a kulob ɗin Gorica. Ƙasar ita kanta shekararta bakwai da samun 'yanci, mutanenta miliyan 2 ne, basu kai mutanen Kano da kewayenta ba, kuma ba ƙwallon ƙafa ba ce a gabansu, mutanen wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara ne. A share fagen kofin duniya na 1998 wasa takwas suka buga maki ɗaya suka samu, ɗaya tak, su ne na ƙarshe. Wannan tawagar ce fa, kusan da mutanenta, cikin wata goma sha bakwai ta samu tikitin Yuro 2000.

Yadda suka samu ɗin ma abin a zauna a ba da labari ne. Sun zo na biyu a bayan Norwe, suka haye kan Girka, aka haɗa su wasan cike gurbi da Yukren ta Shevchenko da Rebrov, lokacin da Dynamo Kyiv ke firgita Turai, Yukren ɗin da ko Faransa mai riƙe da kofin duniya bata iya doke ta ba a rukuni. A Ljubljana Shevchenko ya fara ci, tauraron Sulobeniya Zlatko Zahovic ya farke, sai can wajen ƙarshen wasa golan Yukren ya fito ya cire ƙwallo ta faɗa ƙafar Milenko Acimovic kusan tsakiyar fili, ya ɗaga kai ya aika ta raga daga can. 2-1. A Kyiv cikin dusar ƙanƙara Rebrov ya ci fenareti, Miran Pavlin ya farke, shikenan. Sa'a ce? Akwai sa'a a ciki mana, ƙwallon Acimovic ba a koyar da ita a atisaye. Amma shekara biyu bayan nan sun sake, sun buga wasa goma na share fagen 2002 ba a doke su ko sau ɗaya ba, a rukunin da ke da Rasha da Yugoslabiya da Suwizalan, sannan suka fitar da Romaniya da Hagi ke koci, 2-1 a gida 1-1 a Bukarest, kuma Zahovic baya cikin wasannin biyun saboda rauni, wanda ya ci a Bukarest ɗin Mladen Rudonja ne, ɗan gaba da bai taɓa ci wa ƙasarsa ba sai ranar. Sa'a bata zuwa gida ɗaya sau biyu a jere haka kawai, sai in akwai wanda ya share mata hanya.

A Yuro 2000 ɗin kuwa wasan farko da Yugoslabiya aka haɗa su a Charleroi, ƙasar da suka ɓalle daga cikinta, kuma kocin Yugoslabiyar ba kowa ba ne sai Boskov, malaminsa na Sampdoria. Kafin awa guda Sulobeniya na ci 3-0, Zahovic biyu Pavlin ɗaya, aka kuma ba Mihajlovic na Yugoslabiya jan kati. Sai cikin minti bakwai mutum goma suka farke duka ukun, Milosevic biyu Drulovic ɗaya, aka tashi 3-3. Wannan wasan in kana son ka soki Katanec to ga makami nan, ya kasa rufe wasa da ya riga ya ci, almajiri ya ga malam ya rikice. Sifaniya ta doke su 2-1, suka yi 0-0 da Norwe suka koma gida, amma sun koma da mutunci, jama'ar ƙasar da a da ko filin wasa basa cikawa sun bi su Amsterdam dubbai.

Yanzu mu zo kan abin da duk wanda ya san Katanec da shi ya san shi, rigimarsa da Zlatko Zahovic a kofin duniya na 2002. Wasan farko da Sifaniya a Gwangju ta Koriya ta Kudu, ana bin su, ya cire Zahovic bayan an ɗan haura awa guda ya sa Acimovic. Zahovic fa shi ne komai na tawagar, har yau shi ne ya fi kowa ci wa Sulobeniya, ƙwallo 35 a wasa 80, ya buga wa Porto da Valencia, lokacin yana Benfica. Bayan an tashi 3-1 aka shiga ɗakin sauya kaya sai ya sauke wa koci kwandon zagi, jaridu a lokacin sun ruwaito har da cewa zai iya sayen Katanec da gidansa da dutsen da ke kusa da garinsu, kuma a ƙarƙashin maganar akwai tsohuwar gaba ta yanki, Zahovic mutumin Maribor ne Katanec na Ljubljana, ana zargin kocin yana fifita 'yan garinsu. Katanec ya fito gaban 'yan jarida idonsa da hawaye ya ce yana gama gasar zai sauka. Hukuma ta so ta yi sulhu, Zahovic ya sake magana da 'yan jarida, aka sallame shi gida. Daga nan komai ya watse, Afirka ta Kudu ta Jomo Sono ta ci su 1-0 a Daegu da ƙwallon Siyabonga Nomvethe a minti na huɗu, nasarar farko kenan da Bafana Bafana ta taɓa yi a kofin duniya, kuma a wasan alƙali ya kori Katanec kansa daga benci saboda yawan ƙorafi, wasan ƙarshe da Faraguwai mataimakinsa ne ya ja ragama, suna ci 1-0 'yan Faraguwai da mutum goma suka juye musu 3-1. Wasa uku babu maki.

Waye mai laifi? Na daɗe ina juya wannan tambayar. Ni dai a kan asalin magana ina bayan Katanec ɗari bisa ɗari, ɗan wasan da zai tsaya gaban abokansa ya ce wa koci zan iya sayenka ya riga ya raba kansa da tawaga, in ka bar shi gobe da wane ido za ka kalli mai tsaron bayan da ke karɓar albashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na nasa ba ka ce masa ya mutu a fili? Kuma Zahovic ba ranar ya fara ba, ya yi rigima da koci a Olympiacos, ya yi da Hector Cuper a Valencia. A gasar nan ta 2002 ɗin ma Ayalan ta kori Roy Keane kan irin wannan kuma ta tsallake rukuni abinta. Amma inda na ga Katanec ya gaza shi ne ya bar abin ya ci shi a zuci, ya sanar da murabus gasa tana tsakiya, 'yan wasa na kallon jagoransu yana kuka kuma sun san tafiya zai yi, to wa za su yi wa faɗa? Babba juji ne, dole ya iya haɗiye wani abin ya bari sai an koma gida. Shekararsa 38 lokacin, ƙuruciya ma ta taka rawa.

Matsalar ita ce abin bai tsaya nan ba. Olympiacos ta ɗauke shi a ƙarshen 2002, wata uku kawai ya yi aka rabu, kuma daga nan bai sake riƙe wani kulob ba, wanda ni a wajena ya nuna ya gane kansa, shi ba mutumin zama kullum da masu kuɗi da manyan 'yan wasa ba ne. Ya karɓi Masedoniya a 2006 ya yi abin da ya saba, ya je Old Trafford ya riƙe Ingila ta Steve McClaren 0-0, ya doke Kuroshiya 2-0 a Skopje a 2007, ita ce kaɗai rashin nasarar Kuroshiya a rukunin, kuma makin nan biyu da Ingila ta zubar a hannunsa suna cikin abin da ya hana ta zuwa Yuro 2008, ya doke Sikotlan 1-0 a 2008. Sai kuma a watan Afrilun 2009 Holan ta zuba musu 4-0, aka samu saɓani tsakaninsa da Goran Pandev, tauraron ƙasar, ya ajiye aiki. Ka ga tarihi ya maimaita kansa, in sau ɗaya ne ka ce laifin yaro ne, in ya zama biyu dole shi ma babban a dube shi. Aikin da ya karɓa a Daular Larabawa kuwa babu abin faɗa, a kofin Asiya na 2011 wasa uku ko ƙwallo ɗaya basu ci ba, a watan Satumba Kuwait da Labanan suka doke shi a jere aka sallame shi. Wannan faɗuwa ce, ba zan shafa mata mai ba.

Komawarsa gida a 2013 zuwa 2017 ita ma bata yi armashi ba, kuma a nan ne nake ganin 'yan ƙasarsa suka fi yi masa rashin adalci, don a tsakani Matjaz Kek ya kai su kofin duniya na 2010 har suka ci Aljeriya, jama'a sun ɗanɗana, yanzu zuwa gasa ya zama kamar haƙƙi ba abin mamaki ba. Ya kai su wasan cike gurbi na Yuro 2016, Yukren ɗin nan dai ta rama abin 1999, 2-0 a Lviv 1-1 a Maribor. Kafin nan a Basel suna cin Suwizalan 2-0 saura minti goma aka juye musu 3-2, ciwon Charleroi ya dawo. A share fagen 2018 ya riƙe Ingila 0-0 a Ljubljana ranar da Joe Hart ya yi ta ceto, a Wembley sai a mintin ƙarin lokaci Kane ya ci, suka ƙare na huɗu ya tafi. Yana da Handanovic da Oblak a raga da Ilicic da Kampl a tsakiya, don haka masu cewa ya kamata a ce ya yi fiye da haka suna da hujja, na yarda.

Amma in kana son ganin Katanec na gaskiya ka duba Iraƙi. Satumban 2018 ya karɓi aikin da manyan kociyoyi da yawa ko waya ba za su ɗaga a kansa ba, ƙasar da ta shafe shekaru ba a barinta ta buga manyan wasanninta a gida, hukumar ƙwallonta kullum cikin rikici. A kofin Asiya na 2019 ya ci Biyetnam da Yaman, ya yi canjaras da Iran, Katar da ta ɗauki kofin ce ta fitar da shi 1-0 da firikik ɗin Bassam al-Rawi wanda shi kansa haifaffen Iraƙi ne. Ya amince da yara irin su Mohanad Ali. A watan Oktoban 2019 suka buga da Hong Kong a Basra gaban jama'arsu, murna bata daɗe ba zanga-zanga ta sake ɓarkewa a ƙasar ana kashe matasa a titi, aka mayar da wasansu Amman ta Jodan, kuma a can ne ranar 14 ga Nuwamba suka doke Iran 2-1, Alaa Abbas ya ci da ka a mintin ƙarin lokaci, masu zanga-zanga a dandalin Tahrir na Bagadaza suna kallo a majigi. Ka tuna fa cikin abin da matasan ke yi wa bore har da katsalandan ɗin Iran a siyasar ƙasarsu, to ka auna abin da wannan ƙwallon ta zame musu a daren. Baƙo daga ƙasar dusar ƙanƙara, ba yarensu ba addininsu, ya ba mutane dare ɗaya na farin ciki a tsakiyar makoki, ni wannan ya fi min wani kofin.

Kofi kam bai ci musu ba, Baharain ta hana shi na yammacin Asiya a wasan ƙarshe a Karbala, ta sake fitar da shi a kusa da ƙarshe na kofin yankin Gulf da fenareti. Ya kai su zagayen ƙarshe na share fagen 2022, sannan a Yulin 2021 ya tafi saboda an riƙe masa albashi na watanni. Mu nan Afirka wannan labarin ba baƙo ba ne a wajenmu, koci ya yi aiki a bar shi yana bin bashi sai ya kai ƙara FIFA. Me ya biyo baya? Suka ɗauko Dick Advocaat, suna babba, tsohon kocin Holan, wasa shida na share fage bai ci ko ɗaya ba ya kama gabansa. A nan ne Iraƙawa da yawa suka san abin da suka saki.

To a Uzbekistan me ya yi takamaimai? Na farko ya toshe baya, tawagar da a da in an ci ta ɗaya sai ta rikice ta koma wadda cin ta ke da wuya, duba sakamakon nan na 1-0, 1-0, 0-0, 1-0, ba kwalliya amma maki na shiga aljihu. Na biyu ya buɗe wa yara ƙofa da wuri, Abdukodir Khusanov da yanzu muke kallo a Manchester City a zamaninsa ya fara buga wa babbar tawaga a 2023 yana ɗan shekara 19, haka Abbosbek Fayzullaev. A kofin Asiya da aka yi a Katar a farkon 2024 ya je babu kyaftin ɗinsa Eldor Shomurodov saboda rauni, duk da haka babu wanda ya doke shi a cikin wasa, ya riƙe Ostireliya 1-1, ya fitar da Tailan, sai mai masauki Katar ta cire shi da fenareti a zagayen 'yan takwas. Na uku, kuma wannan ne ya fi burge ni, sama da shekara uku a Tashkent bai bar aikin don faɗa da wani tauraro ba, ya zauna da Shomurodov lafiya. Mutumin da ya yi kuka a Koriya yana ɗan 38 ya koyi haɗiye fushi yana ɗan 60.

Masu ja da ni za su ce ai an faɗaɗa kofin duniya zuwa ƙasa 48, Asiya ta samu gurbi takwas kai tsaye maimakon huɗu, ko waye koci Uzbekistan za ta je. Za su kuma ce gwamnatin ƙasar ce ta zuba kuɗi a makarantun ƙwallo, 'yan ƙasa da 23 sun ci kofin Asiya tun 2018, 'yan ƙasa da 20 sun ci a 2023, ba Katanec ya haifi Khusanov ba. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma faɗaɗawar nan ai ga kowa aka yi, Katar mai kofin Asiya biyu a jere tana rukunin kuma a ƙasan Uzbekistan ta ƙare, Daular Larabawa da duk kuɗinta da 'yan Barazil ɗin da ta ba takardar zama 'yan ƙasa ita ma a ƙasa, Chaina mai mutum sama da biliyan ko kusa bata zo ba. Kuma yara masu hazaƙa Uzbekistan ta daɗe tana da su, zamanin Djeparov da Shatskikh da Odil Ahmedov ai ba ƙananan 'yan wasa ba ne, me ya hana su? Kayan miya daban, iya girki daban.

Abin da ke damuna da yadda muke auna koci, mu masu kallo, shi ne kofi kawai muke ƙirgawa, wane ya ci Champions League nawa wane ya ci lig nawa, alhali wanda aka ba City ko Madrid ko Bayern an riga an ba shi rabin kofin tun kafin ya sa hannu a kwantiragi. Katanec a iya sanin duniya ba shi da wani babban kofi a matsayin koci, in ka buɗe kabad ɗinsa lambobin da ke ciki na lokacin yana ɗan wasa ne. Amma ka ba ni sunan koci nawa ne suka ɗauki ƙasa mai maki ɗaya a wasa takwas suka kai ta manyan gasa biyu a jere, sannan bayan shekara ashirin da 'yan kai suka je wata nahiyar daban suka ɗora wata ƙasar a kan hanyar kofin duniyarta na farko? Ba su da yawa. Yana da aibu, zuciya gare shi, wasansa ba ya ƙayatar da mai son gani a yi ta yanka, ya sha zubar da wasan da ya riga ya kama, kuma Daular Larabawa tabo ne da ba zai goge ba. Duk na lissafa su a sama ban ɓoye ba.

Sau biyu hanyar kofin duniya ta buɗe ta hannunsa. A na farko wasa ɗaya da rabi kawai ya samu ya tsaya a bakin layi, sauran a cikin 'yan kallo ya ƙarasa, tauraronsa yana gida tawagarsa ta tarwatse. A na biyu jikinsa ne ya ƙi, ya sauka da kansa a Janairu ba korarsa aka yi ba, ya bar wa Kapadze tawaga a matsayi na biyu da tazarar maki uku tsakaninta da Daular Larabawa da ke biye, wata huɗu da 'yan kwanaki kafin daren Abu Dhabi.